Amsa Kan Kafa Allon Siminti a Daɓen Katako Kafin Sa Tayil

Assalamu alaikum. Malam, ka ce banɗakin sama na gidan da ka saya a Birmingham daɓensa na katako ne, kuma kana tambaya ko allon siminti mai kaurin milimita 6 ya wadatar kafin a sa tayil. Na daɗe ina wannan aiki a nan Ingila, kuma abin da nake so ka fara riƙewa shi ne cewa allon ba ya ƙara wa daɓe ƙarfi. Amfaninsa shi ne ya ba tayil shimfiɗar da ba ta kumbura ko tsukewa saboda danshi kamar yadda katako yake yi. Idan daɓen yana lotsawa, allon zai bi shi, tayil ɗin kuma ya tsage.

Mu da muka taso a kan daɓen siminti mukan yi sakaci da wannan, domin ba mu saba da ƙasa mai motsi ba. A tsofaffin gidajen nan, katakon yana kwance ne a kan manyan sanduna, kamar yadda rufin soro yake kwance a kan azara, kuma tazarar da ke tsakaninsu yawanci santimita 40 ce. Ka cika kofi da ruwa, ka ajiye shi a tsakiyar banɗakin, sannan ka taka ko'ina da nauyinka kana kallon fuskar ruwan. Idan yana kaɗawa sosai, sai an ɗaga katako an gitta guntayen katako tsakanin sandunan, kuma duk katakon da ke yin ƙara idan an taka shi da ƙafa, a ɗaure shi da sukuru. Tun da an buɗe, ka duba inda bututun ruwa da wayoyin lantarki suka bi, ka shata wurin da fensir.

Daga nan ne ake zuwa inda mutane da yawa suke yanke hanya, ni ma na taɓa yi. A farkon fara aikina na kafa allon da sukuru kaɗai, ban shimfiɗa gam a ƙarƙashinsa ba, sai ga shi kafin sanyin shekarar ya wuce tsaga siririya kamar zare ta fito a miƙe daga bakin ƙofa zuwa gindin baho, daidai kan mahaɗar alluna biyu. Da kuɗina na sake aikin, kuma har yau ina jin nauyin matar gidan da ta yi haƙuri da ni. Katako ba ya taɓa zama sumul, saboda haka gam ɗin tayil mai jure motsi, wanda ake rubuta S1 a buhunsa, shi ne yake cike guraben da ke ƙarƙashi. Ka share ƙura, ka shafa ruwan share fage, wato wanda ake fara shafa wa katako don gam ya kama, irin wanda masu gam ɗin suka ambata, amma ban da farin gam ɗin kafintoci da ake kira PVA, sannan ka ja gam ɗin da cokalin gini mai haƙoran milimita 6, ka danna allon tun yana da ɗanye.

Sukurun milimita 25 ya isa, domin ba zai ratsa katakon ya huda bututu ba. Ka bi tazarar da kamfanin allon ya rubuta, kuma kan kowane sukuru ya nutse daidai da fuskar allon. Ka saɓa mahaɗun kamar jerin bulo, kada kusurwa huɗu su haɗu wuri guda, kada kuma mahaɗa ta faɗa kan mahaɗar katako, ka bar ɗan sarari na milimita 3 a jikin bango, sannan ka rufe mahaɗun da tef ɗin raga wanda siminti ba ya ci.

Allon yana jure ruwa amma ba ya hana shi wucewa, don haka wajen shawa sai an shafa masa abin tare ruwa. Kuma ka auna tsayin da allon, gam da tayil za su ƙara tun yanzu, domin akwai yiwuwar sai kafinta ya rage gindin ƙofar.