Ɗaki ɗaya, yara biyu: yadda za ki raba shi ba tare da gini ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya mata biyu, babbar shekararta 12, ƙaramar 5, ɗaki ɗaya suke kwana. Faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 4, taga ɗaya ce tana kallon ƙofa, kuma gidan haya ne, ba halin in sa bulo. Kullum cikin rigima suke. Babbar na son karatun dare, ƙaramar na kuka a kashe fitila, ga ta da taɓa kayan yayarta. Wace hanya mai sauƙin kuɗi zan bi in raba musu ɗakin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki ta yi mini daɗi, domin kin faɗi ainihin abin da ke haɗa su faɗa: hasken fitila da taɓa kaya. Waɗannan biyun za mu magance, kuma ba sa bukatar bango.

Kafin ki sayi komai, ki ɗauki alli ki ja layi a ƙasa daga tsakiyar taga zuwa wajen ƙofa. Kowace za ta samu faɗin santimita 150. Gadon mutum ɗaya yakan ci kusan 90, saura 60 ke nan na wucewa, kuma ya wadatar. Kada layin ya kai bakin ƙofa. Ya tsaya daidai tsawon gado, wajen mita 2, ragowar filin ya zama na kowa. Ki jera gadajen jikin bango, ki bar su kwana uku ko huɗu a haka. A nan za ki ga inda ake cin karo da inda ƙofa ke bugun kaya, ki gyara tun ba ki kashe ko sisi ba. Dalilin fara layin daga taga shi ne kada ɗaya ta samu iska da haske, ɗaya ta zauna a lungu mai duhu. Na sha ganin an yi haka, sai rabon ya haifar da sabuwar gaba.

A halin da kike ciki, labule na fi ba ki shawara. Ƙugiya biyu da waya mai ƙarfi, ko sandar labule da kafinta zai kafa, sai yadi mai kauri mai duhun launi. Idan yadin shara-shara ne, haske zai ratsa, an yi aikin banza. Ki sa tela ya rage tsawonsa yadda zai bar tazarar kamar santimita 30 zuwa 40 daga silin don iska ta zaga, kuma kada ya ja ƙasa ya kwashi ƙura. Da rana a zuge shi gefe ɗaki ya koma ɗaya, da dare a ja. Ranar da za ku tashi daga gidan, 'yan ramukan ƙugiya kawai za a toshe. Amma labule shi kaɗai ba zai hana hasken ƙwan silin kai wa ƙaramar ba. Ki samo wa babbar ƙaramar fitilar tebur mai sunkuyar da kai, a kashe ta sama, ta haska littafinta kawai. Sau da yawa wannan 'yar fitilar ce ke kashe rabin rigimar.

Idan akwai kantar littattafai ko kabad a gidan, za ki iya tsayar da ita a kan layin, ta zama katanga kuma ma'ajiya. Kanta mai buɗaɗɗen baya ta fi, don hasken rana na ratsawa, kowace kuma ta samu gurbinta. A nan fa ina roƙonki ki saurare ni da kyau. Kayan da aka tsayar a tsakiyar ɗaki ba su da abin jingina, kuma yarinya 'yar shekara 5 za ta taka su ta hau, ko ta janyo durowa ta tsaya a kai. A 2016 kamfanin IKEA mai yin kayan ɗaki ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan yara sun yi ajalinsu. Don haka gefe ɗaya na kantar ya taɓa bango, kafinta ya ɗaure ta da ƙarfe, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Idan mai gida ya hana huda bango, ki haƙura da doguwar kanta, ki yi amfani da gajeriya wadda ba ta wuce ƙugun babba ba, labule ya cike sama.

Wasu za su ce ki sayi gado mai hawa biyu. Yana rage cin wuri ƙwarai, sai dai ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗin kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama. Babbar ce za ta hau, kuma shingen gefen ya zarce katifa da aƙalla santimita 13. Ki duba fanka ma, kada ta kasance kusa da kan mai kwana. Tunda gadajensu suna nan, ni ban ga dalilin wannan kashe kuɗin ba.

Labulen kuwa ya yi nesa da soket, kyandir da fanka, kuma kada a bar igiya tana reto inda ƙaramar za ta iya zura wuya.

Saura batun taɓa kaya. Yarinya 'yar 12 ta fara son sirrinta, wannan haƙƙinta ne. Ki ba ta akwati mai kwaɗo ko kanta can sama inda hannun ƙanwarta ba ya kai. Ita ma ƙaramar ki ba ta nata akwatin, ko da na kwali ne da aka manna wa takarda mai launi aka rubuta sunanta, kada ta ga an fifita yayarta. Kowace ta zaɓi zanen gadonta da abin da za ta liƙa a bangonta. Sannan ku zauna ku uku ku yi yarjejeniya: idan an ja labule, sai an yi sallama an amsa kafin a leƙa, kuma dokar ta hau kan babbar kamar yadda ta hau kan ƙaramar. Ke ma idan za ki shiga ɓangaren ɗayarsu, ki yi sallamar, don daga gare ki za su ɗauka.