Mahaifiyata tana mantawa cewa ta ci abinci, kuma tana ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 76, kuma kusan shekara biyu ke nan tana fama da mantuwa. Idan ta ci abinci, jim kaɗan sai ta ce tun safe ba a ba ta komai ba, wani lokacin kuma ta ƙi buɗe baki. Ta rame, kuma tana tari idan tana shan ruwa. Dangi suna cewa gigin tsufa ne kawai. Me za mu riƙa ba ta, kuma ko ni ma zan gada?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Abin da ake kira gigin tsufa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dementia, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 55 ke ɗauke da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Ki kai ta asibiti a auna jininta, domin ƙarancin bitamin B12 da matsalar ƙwayar maƙogwaro (thyroid, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo) suna kawo irin wannan mantuwa, kuma suna da magani.

A cikin bayaninki, tarin nan ne ya fi damuna. Idan ciwon ya yi nisa, haɗiya tana rauni, sai ruwa ko ɗan abinci ya bi hanyar numfashi ya faɗa huhu, daga nan ciwon huhu ya biyo baya, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan lalura. Kada a ba ta komai tana kwance ko tana gyangyaɗi. A zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, sannan ta ci gaba da zama kamar minti 30 bayan ta gama. Abu mai ɗan kauri, irin koko ko kunun gyaɗa, yakan fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya. Idan zazzaɓi ya zo, ko ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kuka saba, a garzaya asibiti, don maleriya, ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki sukan jawo haka.

Idan ta ce ba ta ci ba, ina roƙonki kada ki yi musu da ita, domin a wurinta gaskiya take faɗa, musun kuma ba abin da zai ƙara sai ɓacin rai. Ki raba abincin yini gida biyar ko shida, ta yadda duk sanda ta nema akwai ɗan abin miƙa mata. Tuwo mai laushi da miyar kuka, faten wake, alala, dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, kindirmo, gwanda da ayaba duk sun dace, kuma abincin da ta saba da shi tun ƙuruciya ya fi karɓuwa. Ki bar ta ta ci da hannunta muddin tana iyawa, ki zauna ku ci tare, a kashe rediyo. Ƙin buɗe baki kuwa, a duba haƙoranta da dasashinta tukuna, don tana iya jin zafi ta kasa faɗa.

Game da gado, yawancin masu ciwon ba gadonsa suka yi kai tsaye ba. Rahoton masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, rashin motsa jiki da kaɗaici. Ki riƙa auna hawan jininki, gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen miya, kuma ki nemi 'yan'uwa ku riƙa karɓa-karɓa wurin jinyar Hajiya don ki samu barci.