Saukar Hawan Kibo da tirela mai lodi

Ka ce in gaya maka giyar da ake sa wa tirela in za a sauka Hawan Kibo da lodi, kuma wai ka ji ana cewa a tasha in birki na da kyau ko a firi ma, wato ba giya a ciki, sai a gangara, a rage shan gas. To yaro, wanda ya faɗa maka haka, kada ka ƙara zama benci ɗaya da shi. Da ban yi niyyar amsa maka yau ba, amma maganar ta taɓo mini wani tsohon miki, saboda haka zauna.

Abin da ku yaran yanzu ba ku gane ba shi ne, ba birki ke sauko da mota daga dutse ba. Inji ne. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma in ka wuce Riyom ka doshi Forest, wani babban kaso na wannan tsayin za ka sauke cikin ɗan gajeren zango. Duk nauyin da ke tura ka ƙasa sai ya koma zafi a wani wuri. In inji ya ɗauka, yana da ruwa da fanka da salansa da zai fitar da shi. In ka ɗora wa birki, durom ne zai sha, shi kuwa ƙarfe ne kawai. Yana yin zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da takalmin birki, fuskar takalmin kuma ta ƙone ta yi santsi kamar gilashi. Ka taka har ƙasa, iskar da birkin tirela ke aiki da ita na nan, geji bai nuna komai ba, amma mota tafiya take.

Haka wata tirela ƙirar DAF ta ƙare, kuma har gobe in na tuna mai kayan nan sai raina ya ɓaci. Masara ce daga Mangu za a kai Kudu. Aka yi ciniki a kan buhu 300, mai kilo 100, tan 30 ke nan, abin da motar ta saba ɗauka. Aka rubuta takarda a haka. Da dare mutumin ya zagaya ya samu direban, ya danƙa masa ɗan abin goro, aka ƙara buhu 120 aka ja tamfol. Tan 42, ban da nauyin kai (mai inji) da bodi (mai ɗaukar kaya). Kuma da yake aikin ɓoye ne, ƙarin duk a baya aka jibge shi, wajen ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: direban nan ya san tukunyar birki ɗaya a bodi, wato inda iska ke shiga ta tura birkin taya, tana yoyon iska, maimakon ya gyara sai ya naɗe tiyon ya ɗaure da roba, wai sai ya dawo. Ka ga lodi ya ƙaru da kusan rabi, ƙafafun da za su riƙe shi sun ragu.

Ya shiga gangaren da giyar da ya saba sauka da tan 30. Mota ta fara rinjayar inji, sai ya ɗora ƙafa a birki ya bar ta a kai, a hankali a hankali, yana ganin dabara ce. Kafin ya kai rabi yaron motarsa ya ce yana jin ƙauri. A nan ne ya kamata ya taka da ƙarfi sau ɗaya, tun da sauran kamu, ya tsaya cak. Sai ya ce bari ya rage giya. Ya taka kuloci, ya fitar, ta ƙi shiga ta ƙasa don gudun ya riga ya wuce ta, ya nemi komawa wadda ya baro ita ma ta ƙi. Mota ta zauna a firi, firin nan da abokanka ke yabo. Inji ya koma silo, kwampireso na bin inji, iska ba ta taruwa, shi kuma tsoro ya sa yana ta famfa birki, kowane taku yana zubar da iska. Ƙararrawa ta fara kuka. Abu ɗaya ya yi daidai: ya kwantar da motar jikin dutse ya goga ta, bai nufi rami ko motocin mutane ba. Ya tsira da karyayyar ƙafa. Kan motar ya tashi daga aiki, masara ta watse, ruwan sama ya sauka a kanta.

Ka san abin da mai kayan ya yi? Ya zo yana neman a biya shi buhu 420. Aka ce takarda 300 ta ce. Ya ce ai an ƙirga buhunan a bakin titi, kowa ya gani. Wato ƙarin da ya kashe motar, shi ne kuma yake son a biya shi. Wata huɗu ana zaman sulhu. Tun daga nan ba a ɗaure tamfol a motata sai an ƙirga a gabana ko an hau sikeli, ko da mai kayan limamin unguwarmu ne.

Yanzu amsarka. Lambar giya ba zan ba ka ba, don giyar Mack daban, ta DAF daban, ta Howo daban, lodin yau kuma ba na jiya ba ne. Ƙa'idar ita ce giyar da za ta hau da kai wannan dutsen da wannan lodin, da ita za ka sauka, ko ka rage ɗaya. Kuma a sama ake sa ta, a shimfiɗe, kafin hancin mota ya sunkuya. In ta sunkuya, hannunka ya bar sandar giya. Za ka gane ka zaɓa daidai in ka kunna birkin inji, wanda ke sa injin da kansa ya riƙe mota, ka ɗauke ƙafa daga komai, mota ta riƙe kanta ko ta riƙa ƙara gudu kaɗan kaɗan. Da cikakken lodi, ni kilomita 20 zuwa 30 a awa ya ishe ni, masu bas su yi ta hon. Birkin inji kuwa sai inji na juyawa da ƙarfi yake kamu. A DAF akwai shuɗin wuri a agogon inji, nan ake ajiye allura. Kada ta taɓa ja, in ba haka ba lodi zai juya injin fiye da ƙarfinsa ya watsa maka shi.

Birkin ƙafa taimako yake kawowa. Ka tsayar wa kanka iyaka, a ce 30. Allurar gudu na taɓa 30, taka sosai kamar daƙiƙa 3 har ta sauko wajen 22, sai ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, durom ya sha iska. Ta sake hawa, ka sake. In ka ga takun yana yawa, ko kamun ya fara laushi, giyarka ta yi sama. Ka tsaya, yaro ya sa weji, ka sa ta ƙasa, ka tashi daga tsaye. Ana rage gudu kafin kwana, mota na miƙe. Ka taka da ƙarfi a tsakiyar kwana, tayoyin kai suka kulle, bodi zai turo ya naɗe ka kamar wuƙar aljihu. In ruwa ya sauka, ko kana tafe ba kaya, har birkin injin ma a yi hattara da shi, don tayoyin kai kaɗai yake riƙewa.

Duba mai da ruwa da taya ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tura baro. Abin da nake so ka yi a saman dutse shi ne wannan. Ja zaren tankunan iska ruwa ya fita. Bari iska ta cika. A Mack allurar gejin iska na tsayawa wajen psi 120, ƙararrawa na kuka in ta sauko 60, in ta faɗi ƙasa da 45 birkin sifirin, wato na fakin, na iya kama kansa ko ka so ko ba ka so. Sa weji, kashe inji, saki birkin hannu, taka na ƙafa ka riƙe minti ɗaya: bayan faɗuwar farko, in allura ta ƙara sauka fiye da 4, akwai yoyo, nemo shi. Duba tiyo biyun da ke tsakanin kai da bodi, ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a na Amurka, ka tabbata ba wanda aka toshe. Sannan wani ya taka, kai ka shiga ƙarƙashi ka kalli sandar da ke fitowa daga kowace tukunyar birki. In ta wuce inci 2, wannan ƙafar ba ta aiki yadda ya kamata, sauran ne ke ɗaukar nauyinta, kuma su za su fara ƙonewa. Wannan ne aikin da kuke gudu don kada riga ta yi datti, amma waya tana hannu awa uku.

In ka sauka ƙasa, zagaya ka kara bayan hannu kusa da kowane durom, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi yana kamawa fiye da kima, wanda ya yi sanyi ƙalau bai yi aikin komai ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. In suna hayaƙi, kada ka ja birkin hannu a kansu, weji za ka sa. Kada kuma ka bari wani mai taimako ya kwara musu ruwa, durom tsagewa yake. A bar su su huce da kansu, kai kuma kada ka yi nisa, ajiye abin kashe gobara kusa, don taya kan kama wuta bayan an tsaya.

Gobe bayan asuba ka zo da sifana da tsumma. Tukunyar baya ta hagu a bodin nan sandarta ta yi tsawo, kai za ka ɗaure ta ina kallo.