Samanja zai ajiye kaki: giyar dawa ko zoɓon kwalba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni soja ne, na shiga Defot ɗin Zariya ina kurtu a 1992, na je Saliyo, na yi Arewa maso Gabas, yanzu ina samanja kuma ritaya ta ƙarato. Na gina ɗan gidana a Hanwa. Wani abokin aikina, Kirista ne, mutumin kirki wanda muka sha wuya tare, ya ce mu haɗa kuɗin sallamarmu mu buɗe ƙaramar masana'antar giya, irin wadda ya ce tsofaffin sojoji na buɗewa a Amurka, a dafa kaɗan-kaɗan a sayar a gari. Ya ce ga dawa nan a ƙofar gida. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. A gefe guda kuma uwargidana ta daɗe tana zoɓo da kunun aya a bariki, ba ya kwana. Ina tunanin in faɗaɗa wannan, sai dai abokai na cewa wai samanja guda zai ƙare a sayar da kunu. Mece ce shawararki?

Wani samanja, Hanwa, Zariya.

Amsa:

Wa'alaikumus salam Samanja. Allah Ya sa a gama lafiya, Ya ba da ladan tsaron ƙasa.

Maganar giya ba za ta ɗauke mu lokaci ba, domin zuciyarka ta riga ni ba ka amsa. Hadisi ya zo da la'anar mai matse ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta, saboda haka zuba jari kawai ba tare da ka kai ta baki ba bai fitar da kai ba. Ka gaya wa abokinka haka cikin mutunci, ku ci gaba da zumuncinku. A kan dawa kuwa gaskiya ya faɗa. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin ƙasar nan suka karkata ga dawa, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, nan kusa da kai, ta daɗe tana fitar da irin dawa iri-iri. Da tsiron dawar ake yin lemon malt wanda ba ya bugarwa, wanda yaranmu ke sha a gidan biki.

Abin da nake so ka karɓa daga wurin abokin naka shi ne ilimin, domin mai dafa giya da mai kunu abu guda suke fama da shi, wato ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Duk inda ruwa da zaƙi suka haɗu a wuri mai ɗumi, sai sun taru. Wasu su mayar da zaƙin tsami, su ne ke ba kunun zaƙi da nono ɗanɗanonsu. Wasu kuma, yis kenan, su cinye sukarin su fitar da iska da barasa. Mai giya kiwon yis yake yi, kai kuwa aikinka ka hana shi sakat. Ka ɗauki gorar kunu da ta wuni ta kwana a ɗaki a watan Afrilu ka duba. Za ka ga ta kumbura ta yi tauri, gindinta ya turo waje har ba ta iya tsayuwa a tebur, kana murɗa murfin sai ta yi tsaki, kumfa ta biyo hannunka, warin ya daki hanci. Wannan kunun ya kama hanyar zama abin da ka guda. An ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa yana sha, amma ba ya wuce kwana uku da shi. Saboda haka tsabta da sanyi a wannan sana'a sun shafi lafiyar mai sha, sun kuma shafi halaccin abin da kake sayarwa.

Ka fara da zoɓo, ka jinkirta kunun aya. Dalili kuwa, zoɓo na da tsami na halitta, kuma yawancin ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki ba sa yaɗuwa a abu mai tsami sosai. Masana abinci na auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, iyakar da suke lura da ita 4.6 ce, zoɓo kuwa yana can ƙasa da ita, wajen 3. Takardar da ake gwada tsamin da ita ba ta da tsada, a shagunan kayan ɗakin gwaji ake samun ta. A nan ne nake faɗa da masu jefa kanwa a tukunya don su kashe tsamin su rage sukari. Launin zai juye daga ja ya koma duhu, sannan sun rushe garkuwar da ke kare zoɓon da hannunsu. Idan tsamin ya yi yawa a ƙara ruwa, a bar kanwa a wurin miyar kuka.

Sauran ƙa'idojin uwargida ta san yawancinsu, amma yin bokiti ɗaya daban, yin durom daban. A wanke zoɓon da ruwan sanyi har yashi ya daina kwanciya a gindin roba. Tukunya ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin tsami na cin tukunyar dalma. Citta da kanumfari da ɓawon abarba duk su shiga wuta tare da zoɓon, musamman ɓawon abarba, shi ne babban mai ɗauko yis. Sukari ma a zuba shi da zafi. Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne a dafa zoɓo da kyau, sannan a sirka shi da ɗanyen ruwan rijiya ko ƙanƙarar da ba a san asalin ruwanta ba, aikin wutar duk ya tashi a banza. Gorar roba ta yau da kullum ba ta jure ruwan zafi, lanƙwashewa take yi, don haka a rufe tukunyar ya huce kafin a ɗura, mazurari da rariya kuma an riga an ƙona su da tafasasshen ruwa.

Kada ka sayi tsofaffin gorori daga hannun yaran da ke tsintowa. Ba ka san bakin da ya sha ba, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, wasu daga bola suke, wasu daga harabar asibiti. Sabuwar gora mai murfin da ke ɓallewa in an buɗe za ta ci wani abu daga ribarka, amma ita ce za ta shigar da kai shagunan unguwar PZ da ofisoshi, inda mai tsohuwar gora ba ya shiga.

Kunun aya ya fi kawo kuɗi, ya kuma fi saurin kunyata mai shi. Ba shi da tsami, ga maiƙo ga zaƙin dabino, kuma ba a iya tafasa shi, zafi na yin yawa sai ya yi kauri ya koma kamu. In babu sanyi, wanda aka yi da safe kafin la'asar ya fara juyawa. Wutar lantarki kuwa ka san halinta. Sai ka mallaki firiza mai aiki da sola, ka kuma san adadin da kake iya sayarwa a wuni, sannan ka shiga aya.

Yanzu kuɗin sallama. Samanja, wannan kuɗin sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa, kuma ranar da ya shigo asusu za ka ga masoya da masu shawara sun yi yawa. Na ga waɗanda suka kama shago mai tsada, suka sayi injin ɗura kwalba da mota mai rubutu a jiki tun ba su da mai saye goma. Ra'ayina, kada abin da za ka zuba a shekarar farko ya wuce wanda in ya nutse gidanka zai ci abinci. Ɗaki ɗaya a gidanka na Hanwa ya isa, a sa masa tayil da ragar sauro a taga da wurin wanke hannu. Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne sayen kaya da kaka. Busasshen zoɓo daga Jigawa da Kano da Katsina yake fitowa, ana hada-hadarsa a Dawanau da Maigatari, kuma da yake ana fitar da shi har Meziko, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Citta daga Kaciya da ƙasar Jaba take zuwa, ka tuna yadda ta yi tsada bayan cutar da ta cinye gonaki a 2023. Wanda ya saya ya adana a busasshen wuri shi ke da riba da bazara.

Kasuwar Zariya kuma tana da lokutanta. Daga Maris zuwa Mayu, da watan azumi, ba za ka iya ƙosar da masu saye ba. Da hunturu ya shigo sai ciniki ya kwanta, sai dai mai citta da yawa. Ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo kasuwa ce babba, amma ranar da aka yi hutu ko yajin aiki za ta watse gaba ɗaya, don haka ka haɗa da masu abinci na Kwangila da Tudun Wada, da masu biki da suna.

Aikin soja ya ba ka abin da yawancin masu wannan sana'a ba su da shi: tashi da asuba, yin abu a kan tsari ɗaya kullum, duba kaya, rubuta komai a littafi. Zoɓon da ɗanɗanonsa na yau ya zama irin na jiya shi mutane ke komawa nema, wannan kuwa awo ne da sikeli da agogo. Abin da za ka koya sabo shi ne mu'amala da farar hula. Mai shago zai karɓi kaya ya ce sai jibi, jibi ta yi ya ce sai an sayar. Yaron da ka ɗauka aiki in ka daka masa tsawa irin ta fareti gobe ba za ka gan shi ba. Sannan ka tuna sana'ar nan ta uwargida ce, ita ta san hannunta, ita ta tara masu saye. Ku zauna tun yanzu ku yanke rabonta a fili, girki da ɗanɗano a bar mata, kai ka riƙe sayayya da littafi da rarrabawa.

Masu dariya kuwa, ka tambaye su asalin Kasuwar Mami da ke kowane bariki. Matar wani soja ce, Mammy Ochefu, ta fara sayar da wani abin sha irin kunu a barikin Inugu a 1959, mijin nata kuma daga baya ya zama kanar har ya yi gwamnan soja. Idan sunanka ya fito cikin masu zuwa Cibiyar Koyar da Sana'o'i ta Sojoji da ke Oshodi a Legas kafin sallama, ka je da niyyar koyo, ka mai da hankali kan lissafin kasuwanci. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC ka yi ta da wuri. Lambar NAFDAC kuma dole ce kafin ka manna takarda a gora ka kai manyan shaguna, za su zo su duba ɗakin, su gwada abin da kake yi, kuma za su so sanin kwana nawa yake yi kafin ya lalace.

Wannan amsar kai za ka fara nemo ta, tun kana cikin kaki. Uwargida ta dafa zoɓo yadda na bayyana, ku ɗura gora 14, ku rubuta kwanan wata a jiki. Bakwai a firij, bakwai a kan kanta a ɗaki. Kowace safiya ka buɗe ɗaya daga kowane ɓangare, ka matsa gorar ka ji ko ta yi tauri, ka saurari murfin, ka sansana, ka duba launi, ka tsoma takardar gwaji, ka rubuta. Wadda ta kumbura ko ta canza wari a zubar, kada a ɗanɗana. Bayan mako ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, sai mu yi maganar farashin gora.