Tambaya da Amsa: Faifan Stravinsky ne kaɗai na gaskiya?

Tambaya: Malam, ina koyar da matasa rawar bale (rawar dandali ta Turawa), kuma muna shirin nuna ɓangaren ƙarshe na The Rite of Spring, kiɗan da Igor Stravinsky ya rubuta. Ina da faifai biyu, na madugun makaɗa Karajan da na Stravinsky kansa, saurinsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ce min duk wanda ba marubucin kiɗan ya jagoranta ba jabu ne, har ya turo min wani da aka ƙara wa sauri a YouTube. Yarana sun fara kukan gwiwa. Wanne zan bi?

Amsa: Malama, ki ajiye wancan na YouTube tun yau, kafin a kai wata yarinya wurin mai ɗori. Faifanki biyu kuwa duk na gaskiya ne.

Maganar cewa ɗaukar da marubuci ya jagoranta ita ce hukuncin ƙarshe, kullum sai mun ji ta, kuma ba ta da tushe. Stravinsky ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da wannan kiɗan sau 3: a Faris a 1929, da makaɗan New York Philharmonic a 1940, da Columbia Symphony a 1960. Ukun ba su yi daidai da juna ba. To wanne ne "asalin"? A 1929 makaɗan na fama da kiɗan ne kawai, domin ƙidayar bugunsa tana sauyawa kusan kowace gaɓa, kuma ana yanka shi guntu-guntu saboda kowace fuskar tsohon faifai minti huɗu da 'yan kai take ɗauka. A 1960 kuwa yana da shekara 77. Ko ranar da aka fara nuna rawar a Faris, 29 ga Mayu 1913, ba shi ya riƙe sandar jagorantar makaɗa ba, Pierre Monteux ne. A 1943 ma ya sake rubuta rawar ƙarshen, wato rawar hadaya, domin ta fi sauƙin ƙidaya. Mutumin da ya yi ta gyara aikinsa haka, ta yaya faifai guda zai zama kalmarsa ta ƙarshe?

Gaskiya ne Stravinsky ya soki ɗaukar Karajan ta 1964 da makaɗan Barlin, yana ganin an goge ta ta yi sheƙi, an cire mata kaushi. Wannan saɓanin fahimta ne tsakanin gwanaye, har Karajan ya sake ɗauka a 1977. Wasu madugan ma kowa da salonsa: Bernstein a 1958 ya bi ta da zafi da ruri. Boulez da makaɗan Cleveland a 1969 ya fito da kowane layi tas, har ki ji abin da masu busa na ciki suke yi. Rubutun ɗaya ne a gabansu duka.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu ɗaukar faifan wani su ƙara masa gudu da manhaja, su liƙa masa "ainihin saurin Stravinsky". Ƙarin kashi 6 cikin 100 na ɗaga murya da rabin mataki. Idan kuma manhajar ta riƙe muryar a inda take, sai bugun tambura ya dagule, kaifinsa ya tafi, alhali da shi ɗan rawa ke ƙidaya. Jiki kuma ba manhaja ba ne. Lokacin da mai tsalle zai yi a sama ba ya raguwa don kiɗa ya yi sauri, lokacin sauka ne ke raguwa. Sai yarinya ta diro ba ta lanƙwasa gwiwa sosai ba, diddige bai taɓa ƙasa ba, ta sake tashi. Rawar hadaya kuwa minti huɗu zuwa biyar ce ta tsalle kusan ba hutu. Nan ciwon yake fitowa. Ku ji tsoron Allah, masu wannan aiki, 'ya'yan mutane ne ke rawa a kai.

Ki tuna kuma yawancin waɗannan faifan don zauren sauraro aka yi su, babu ɗan rawa a gaban madugun. A gidan bale idonsa na kan dandali, yana jiran ƙafa ta sauka.

Ki buɗe takardar kiɗan a farkon rawar hadaya, za ki ga bugu 126 a minti. Ki sa manhajar auna bugu a wayarki, ki bi kowane faifai da yatsa na daƙiƙa 30, ki rubuta abin da kika samu. Ki saurari bugu 11 ɗin nan da ke zuwa kafin rawar ɗaukaka zaɓaɓɓiya (wani ɓangare da ke gabanin rawar hadaya): idan sun fito daidai wa daida, madugun ba mai jan kiɗa gaba da baya ba ne, yara za su iya ƙidaya a kansa. Tsakanin naki biyu, na Stravinsky, idan na 1960 ne, ya fi bushewa da bayyana bugu, shi zan ba ki shawara. Ki tsaya a kansa har ranar wasa, kada ki sauya. Wadda gwiwarta ta kumbura kuwa ta huta, likita ya duba ta kafin ta koma tsalle.