Tambaya da Amsa: Faya-fayan Hip Hop da Rok na Shekarun 1990

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana, wanda ya yi samartakarsa a shekarun 1990, bai yarda an ƙara yin waƙar Turanci mai ma'ana ba tun bayan mutuwar Tupac, kuma har yau yana ajiye da kwali guda na kaset a ɗakinsa. Ni kuwa a waya na taso ina sauraron waƙa. Ina roƙon Malam ya faɗa mini faya-fayan hip hop da na rok da ya fi ƙauna daga wancan zamani, da wanda ya kamata in fara da shi. Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ya ɗan tsaurara a hukuncinsa, amma ya kamata ka fahimci yadda shi da tsararsa suka saurari waɗannan waƙoƙi. A lokacin, saurayi kan sayi kaset wanda babu komai a kansa, ya kai wa masu ɗaukar waƙa a kasuwa su kwafa masa, su jera sunayen waƙoƙin da biro a jikin takardar. Tsallake waƙa yana cin batirin rakoda, saboda haka ko dai ka zira biro a ramin kaset ɗin ka yi ta juyawa da hannu, ko kuma ka haƙura ka saurari komai daga farko har ƙarshe. Yawancinmu haƙurin muka zaɓa, shi ya sa muke auna faifai gaba ɗayansa, ba da waƙa guda da ta yi tashe ba.

Da wannan ma'auni, wanda na fi fifitawa shi ne Illmatic na Nas, wanda ya fito a watan Afrilun 1994 lokacin da mawaƙin yake ɗan shekara 20. Waƙoƙi 10 ne kacal, tsawonsu duka bai cika minti 40 ba, wato yana shiga gefe ɗaya na kaset mai minti 90 har da ragowa, kuma babu wadda za ka ji an cusa ta don cike gurbi. Nas ya tsaya ne a unguwarsu ta Queensbridge da ke birnin New York yana ba da labarin abin da idonsa ya gani, na talauci da kurkuku da abokan da suka mutu da ƙuruciya, yayin da gwanayen haɗa kiɗa irin su DJ Premier da Pete Rock da Q-Tip suka shimfiɗa masa sautin da suka tsinto daga tsofaffin faya-fayan jaz. Mahaifinsa, Olu Dara, ya busa ƙaho a ƙarshen ɗaya daga cikin waƙoƙin. Duk wanda ya taso yana jin yadda Alhaji Mamman Shata ke ɗora magana a kan kalangu ba tare da ta zame ba, zai gane gwanintar da nake nufi, ko da Turancin ya yi masa sauri.

Na san a nan Katsina Tupac ne ya fi kowa farin jini, kuma All Eyez on Me na 1996 ne aka fi kwafa, duk da cewa ya haura sa'a biyu, har masu ɗauka kan yanke wasu waƙoƙin don ya shiga. A ganina Me Against the World na 1995 ya fi shi nisa. Ya hau saman jadawalin Billboard alhali mai shi yana ɗaure a gidan yari, kuma a cikinsa ne ya yi wa mahaifiyarsa waƙar da ta sa har waɗanda ba su damu da gambarar Amurka, wato hip hop, ba suka saurara. An harbi Tupac a Las Vegas a watan Satumban 1996, ya mutu yana ɗan shekara 25, sannan bayan wata shida aka kashe wani shahararren mawaƙin hip hop, Notorious B.I.G., a Los Angeles. Ka kuma nemi Black on Both Sides na Mos Def na 1999, wanda ya buɗe da bisimilla, ya ɗora waƙarsa ta farko a kan kiɗan Fela Kuti.

Game da rok, gaskiyar magana bai taɓa samun gindin zama a wurinmu ba, domin waƙoƙin Indiya da na Bob Marley da Lucky Dube sun riga sun cika kunnuwa. Duk da haka zan ambaci Nevermind na ƙungiyar Nirvana na 1991, wanda ya sauke Dangerous na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a Janairun 1992, da kuma OK Computer na Radiohead ta Ingila na 1997, wanda sai an saurare shi a natse. Ka fara da Illmatic, kuma ka sa abin ji a kunne idan su Baba suna kusa, domin akwai ashar a yawancin faya-fayan nan.

TAMBAYA: Malam, shin babu mace ko ɗaya da ta yi fice a wannan fage? Daga wata malamar makaranta, Daura.

AMSA: Akwai, Malama. Lauryn Hill ta fara suna tare da ƙungiyar Fugees a faifansu The Score na 1996, sannan ta fitar da nata na ƙashin kanta, The Miseducation of Lauryn Hill, a 1998, inda ta haɗa gambara da rerawa, ta taɓo haihuwa da soyayya da mutuncin 'ya mace. Ta karɓi kyautar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, guda biyar a dare ɗaya a 1999, ciki har da ta faifan shekara, wadda babu faifan hip hop da ya taɓa samu kafin nata. Tun da ke malama ce, ki lura da 'yan hirarrakin da aka saka tsakanin waƙoƙin, inda ake jin malami a aji yana tambayar yara abin da suka fahimta game da so.