Tambaya da Amsa: Sukurun Maɗaurin Ƙafa da Ya Ƙi Zama a Kan Allon Iska

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina wasan tuƙa allo mai filafili, wanda iska ke turawa a kan ruwa, amma sai bana na fara zura ƙafafuna cikin maɗaurai. Damuwata ita ce sukurun da ke riƙe maɗaurin baya, domin duk lokacin da na fito daga ruwa sai in tarar ya yi sako-sako, maɗaurin kuma ya karkace. Na ɗaure shi iya ƙarfina, bai hana ba. Wani abokina ya ce in ɗiga masa irin gam ɗin da makanikai ke sa wa noti don kada ya kwance. Shin in bi shawararsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa wannan gam ɗin, kuma zan bayyana dalili a gaba. Ka yi daidai da ba ka raina matsalar ba, domin mutumin da allo ke gudu da shi a kan ruwa ya jingina nauyinsa duka ga waɗannan maɗaurai, kuma idan ɗaya ya tsinke ko ya murɗe ba zato, idon sawu da gwiwa ne ke fara jin jiki.

Sai mu fara da sanin abin da sukurun yake kamawa. Cikin allon farin soso ne marar nauyi, irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali, an lulluɓe shi da fata mai tauri ta zaren gilas ko kabon da aka jiƙa da gam ɗin efoksi. Wannan soso ba ya iya riƙe sukuru, shi ya sa masu ƙera allo suke dasa ƙananan tubala na roba mai tauri a cikinsa, kowane da ramuka a jere, don mai allo ya zaɓi inda ya dace da ƙafarsa. A mafi yawan alluna waɗannan ramuka ba su zuwa da haƙora. Sukurun ne da kansa yake yanka wa kansa hanya a cikin robar ranar da aka fara ɗaura shi, kuma yawanci kaurinsa milimita 6 ne, tsawonsa kuwa tsakanin milimita 28 da 32. Ke nan ƙarfe ne a cikin roba, kuma duk abin da za a yi masa dole a tuna da haka.

Akwai hanya biyu da sukuru yake yin sako-sako, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsu abu guda. Ta farko ita ce sukurun bai juya ba ko kaɗan, abin da ya matse ne ya lotsa. Tsakanin kan sukurun da allon akwai bel ɗin maɗaurin, akwai rigarsa mai laushi, akwai kuma shimfiɗar soson da ake takawa. Waɗannan duka suna lotsawa bayan sun sha ruwa sun sha taku, musamman idan sababbi ne, sai a sami ɗan sarari a ƙarƙashin kan sukurun. Ta biyu ita ce juyawa ta gaske. Idan sukuru ɗaya ne kawai ke riƙe bakin maɗauri, duk lokacin da ƙafa ta murɗa shi zuwa ɓangaren kwancewa, yakan ja kan sukurun ya tafi da shi kaɗan, idan kuma ya dawo ba ya iya maido shi, domin ƙarfin da ake buƙata wajen ɗaure sukuru ya fi wanda ake buƙata wajen kwance shi. Da kaɗan-kaɗan, a fita guda, sukurun ya riga ya saki. Sau da yawa ta farkon ce ke buɗe wa ta biyun ƙofa, tun da maɗaurin da ya matsu sosai ba ya samun damar murɗawa.

Gane wadda ke damunka abu ne mai sauƙi. Bayan ka ɗaure sukurun, ka sami alƙalamin da ruwa ba ya goge tawadarsa, ka ja layi daga kan sukurun zuwa jikin maɗaurin da allon. Idan ka fito daga ruwa ka ga layin yana nan yadda ka ja shi amma maɗaurin yana motsi, lotsawa ce, kuma maganinta shi ne ka riƙa ƙara ɗaurewa kafin kowace fita har sau uku ko huɗu, bayan haka kayan za su zauna. Idan kuwa layin ya rabu, sukurun ne yake juyawa.

Bayaninka cewa maɗaurin yana karkacewa ya sa na fi zargin juyawa, kuma a nan abin da zan fara nema shi ne ɗan farantin hana murɗewa. Ƙaramin abu ne na roba ko ƙarfe mai haƙora, wanda ake sawa a bakin maɗaurin don haƙoran su cije bel ɗin ko shimfiɗar allon. Yakan ɓace lokacin da ake sauya maɗaurai, ko a sa shi a kife, ko haƙoransa su cinye. Ka kwance komai ka duba ko yana nan, sannan ka tabbata akwai wosha mai faɗi a ƙarƙashin kan sukurun, wadda za ta baza matsin a kan bel ɗin maimakon kan sukurun ya nutse cikinsa. Ka kuma janye rigar maɗaurin gefe yadda sukurun zai danne bel ɗin kai tsaye, domin abin da aka ɗaure a kan laushi ba ya zama. Idan allonka yana da ramuka biyu a kowane baki, kamar yadda ake yi wa allunan hawan igiyar ruwa da tsalle, ka yi amfani da sukuru biyun, domin maɗaurin da aka kafe a wuri biyu ba shi da hanyar juyawa.

Ina da shakka a kan maganarka ta cewa ka ɗaure iya ƙarfinka, ba don na raina ƙarfin naka ba, sai don sukundireba. Waɗannan sukurori suna buƙatar baki mai lamba 3, amma wadda aka fi samu a hannun mutane mai lamba 2 ce, wadda take zamewa ta cinye kan sukurun tun kafin ya matsu. Haka kuma masu kan gicciye iri biyu ne, Phillips da Pozidriv, ana gane na biyun da ƙananan layuka huɗu da ke tsakanin hannayen gicciyen, kuma kowane yana son sukundirebarsa. Wasu alluna kuma suna zuwa da mai kan tauraro, wato Torx. Ka nemi wadda ta cika ramin kan sukurun dam, mai kaurin mariƙi, ka danna da nauyin jikinka kana juyawa har maɗaurin ya daina motsi idan ka murɗa shi da hannu, sannan ka tsaya. Ka guji injin ɗaurewa na lantarki, domin saurinsa yana ɗumama robar, kuma ba ya jin lokacin da ya kamata a dakata. Idan sukurun yana da wuyar shiga, ka goga masa sabulu ko kakin kyandir.

Game da gam ɗin abokinka, an yi shi ne don ƙarfe da ƙarfe: yana daskarewa ne idan ya sami kansa tsakanin haƙoran ƙarfe inda iska ba ta shiga. A cikin roba ba ya yin aikinsa yadda ya kamata, kuma yana iya raunana wasu nau'o'in roba har su tsage. Inda yake da amfani shi ne allon da aka dasa wa gidan sukuru na ƙarfe mai haƙora, kuma ko a can ma mai matsakaicin ƙarfi ake sawa don a iya kwancewa daga baya.

TAMBAYA: Ni kuma tawa matsalar ta wuce nan, Malam. Sukurun yana ta juyawa a cikin ramin ba ya kamawa. Zan iya sa wanda ya fi shi tsawo?

AMSA: Ɗan'uwa, haƙoran da ke cikin robar ne suka cinye, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne yawan cirewa da mayarwa ba tare da bin tsohuwar hanya ba, ta yadda kowane karo sukurun yake yanka sabuwa har robar ta ƙare. Nan gaba, idan za ka mayar da sukuru, ka fara juya shi baya a hankali kana dannawa kaɗan, har ka ji ya faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, sannan ka juya gaba.

Sukuru mai tsawo yana iya taimakawa idan akwai sauran roba mai lafiya a ƙasa, amma a nan ne haɗari mafi girma yake. Ƙasan ramin a rufe yake, kuma idan tsinin sukurun ya huda shi, ruwa zai riƙa tsiyaya cikin soson allon ba tare da ka gani ba, allon ya yi nauyi, fatarsa ta fara rabuwa da cikinsa, kuma fitar da wannan ruwa aiki ne mai wuyar gaske. Saboda haka ka zura siririn tsinke ka auna zurfin ramin, ka haɗa da kaurin maɗaurin da wosha kamar yadda za su kasance bayan sun matsu, sannan ka zaɓi sukurun da zai bar milimita 2 ko 3 bai taɓa ƙasa ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka koma ramin da ke kusa, tun da bambancin wurin ƙafar kaɗan ne. Idan kuwa dole sai wannan ramin, ka gwada sukurun da ya ɗara tsohon kauri da kaɗan, ko ka wanke ramin da ruwan daɗi, ka bar shi ya bushe sarai, ka cika shi da efoksi, bayan ya daskare ka huda siririyar hanya ka ɗaura. Wannan gyara yakan riƙe na wani lokaci, amma idan ka ga tubalin robar kansa yana motsi ko fatar allon ta tsage a gefensa, aikin mai gyaran allo ne, domin sai an cire shi an dasa sabo.

Ka kuma duba sukurun da ka cire da kyau. Wanda ya daɗe yana aiki a sake yakan lanƙwashe a ƙasan kansa, kuma irin wannan yakan karye ya bar rabinsa a cikin allon. Idan za ka sayi sabo, ka nemi na ƙarfe marar tsatsa mai alamar A4, wanda ake kuma kira 316, domin ya fi mai alamar A2 jure wa ruwan gishiri.